Waƙar da Ba Ta da Gindi

"Kashe abin ga! Na ce ka kashe shi!"

Tsawar Baba ta sa kwanon ruwan da na kawo wa baƙo ya kusa suɓuce mini, a shekarar da ruwa ya fi nama daraja a Sabon Birni. Baƙon, Kalilu mai neman aurena, ya danna rikodarsa. Muryar Baturiyar da ke cikin kaset ta yanke a tsakiyar wani ihu.

"Minene wanga?"

"Waƙa ta, Baba."

"Waƙa?" Baba ya gyara zama. "Ni Maliki, Sarkin Makaɗa, shekara arba'in ina kiɗan noma, yau ɗan unguwar Turba za ya gwada man waƙa? Wagga mata ko naƙuda takai ko aljannu sunka taɓa ta!"

Lawwali, babban ɗan amshin Baba, ya tuntsire da dariya har da buga cinya. Na galla masa harara. Shekara uku yana nemana ina ce masa a'a, dole dariyar nan ta yi masa daɗi.

A gidanmu ba a ba da 'ya sai ga mawaƙi, kuma sai ya tsaya ƙofar gida ya rera tasa, makaɗan gidan sun karɓa masa. In ba wanda ya karɓa, sai ya kama hanya. Kalilu jikan makaɗa ne, amma fari ya kore shi zuwa Yamai, ya yi shekara biyu yana ɗaukar kaya a gidan rediyo. Can kunnensa ya lalace, in ji Baba. Ya dawo da wata irin waƙa wadda ba kari, ba kiɗa, ba gindin da ake komawa.

"Ranar Alhamis bayan la'asar," in ji Baba. "Kuma irin wagga za ka yi, tunda ita kac ce waƙa ta. In mutum guda cikin makaɗan gidan ga ya karɓa maka, Kadijatu taka ta. In ba a karɓa ba, kak ka sake tako man zaure."



Washegari da hantsi na same shi a cikin gulbi, inda mutane ke tonon rairayi suna jiran ruwa ya tsatso. Na dire tuluna da ƙarfi.

"Kalilu, so kake ka kashe ni?"

"Haba, Kadina..."

"Kak ka ce man Kadina! Kana da murya, ka iya waƙar noma sarai. Mi yas sa ka kai ma Baba kukan akuyar da ta maƙale a darni?"

Ya yi murmushi. Wannan murmushin nasa shi ya jefa ni a wahala tun farko.

"Ke ma haka kika ji ta?"

"Haka na ji ta! Waƙar da ba a daka da ita, ba a noma da ita, ba a lallashin ɗa da ita, ta mi ce?"

"To wa ka noma bana?"

Ya nuna mini hanyar garin Isa, inda wata mota ke wucewa maƙil da mutane da tabarmi.

"Waƙarmu kullum tana fita ta dawo gindi, kamar mai zuwa gona shi dawo gida. Ranar da na fara jin wagga a Yamai, na ji murya ta hau, ta faɗo, ta nemi wurin zama ta rasa. Na yi kuka, Kadi. Na ce ga mu nan, mu da munka bar gida. In na yi waƙar noma bana, ƙarya na yi."

"To ka yi ƙaryar, ka same ni!"

"Ki auri maƙaryaci?"

Haushi ya kama ni don ya fi ni gaskiya, tsoro kuma ya kama ni don gaskiya ba ta ɗaura aure. Na fashe da kuka a gaban mata masu ɗibar ruwa.

"Wallahi in ka faɗi, ban auren kowa."

"Sahibata, ki yi man addu'a kawai."

Ranar Laraba yayata Adda ta ja ni bayan rumbu.

"Lawwali ya tara 'yan amshin Baba su huɗu. Ya ce duk wanda ya buɗe baki gobe, ya ci amanar gidan ga."

"Ko bai hana su ba, Adda, ina za su kama? Waƙar ba ta da inda ake kamawa!"

Alhamis ta zo. Ƙofar gidanmu ta cika, don mutanen da ba su da aikin gona ba sa rasa lokacin kallo. Na laɓe bayan zana, na huda ta da tsinke. Baba na kan buzu, 'yan amshi a bayansa sun harɗe hannuwa, Lawwali na sakace haƙori.

Kalilu ya tsaya shi kaɗai, ba ganga, ba kalangu.

Ya fara can ƙasa, kamar mai magana da kansa.

"Rumbu ya buɗe baki... ba kowa."

Kwatsam muryar ta yi tsalle sama, siririya, ta tsaya inda kunne bai zata ba. Wasu suka kwashe da dariya. Na dafe ƙirji.

"Guga ta sauka gaba ashirin... ta dawo da ƙasa."

Ya ja kalmar ƙasa, ya karya ta biyu, ya sake ta. Daga nan ya shiga kiran unguwannin da suka watse, Turba, Burkusuma, kowane suna da nasa hawa, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Dariya ta ragu. Wani tsoho ya sunkuyar da kai. Ni da na kira ta kukan akuya, sai ga tsigar jikina ta tashi.

Ya bar gurbi don amshi.

Shiru.

Ya sake bari.

Shiru. Lawwali ya dubi mutanensa, ba wanda ya motsa.

Kalilu ya tattara ƙarfinsa ya nufi hawa na ƙarshe, mafi tsawo. "Inna, kin tafi ba ki..." Muryar ta tsage. Ya yi tari, ya sake gwadawa, ta sake tsagewa.

Shi ke nan, na ce a raina.

"Kai!"

Baba ne. Ya miƙe tsaye, ransa a ɓace.

"Wane sakarai ya koya maka numfashi? Kana jawo shi daga maƙoshi kamar zakara! Wurin ga ba a hawa mai da ƙarfi, daga cibiya aka ɗauko shi, a sake a hankali. Saurara!"

Ya buɗe baki.

Damina biyu ba mu ji muryar Baba ba, tun da gonaki suka daina kiran makaɗa. Ta fito da tsatsa, sannan ta washe, ta bi karkatacciyar hanyar nan ta Kalilu taki bayan taki, ta hau inda ya kasa, ta tsaya can tana rawa.

"Inna, kin tafi ba ki rufe ƙofa ba..."

Ya sauke. Ba ka jin ko tari.

Tsohon nan ne ya ɗago kai. "Sarkin Makaɗa... ai ka karɓa."

"Gyara ya yi!" Lawwali ya zabura. "Gyara ba amshi ba na!"

"Cikin makaɗan gidan ga, kac ce," in ji tsohon, bai ko dubi Lawwali ba. "Ko kai ba ka ciki?"

Baba ya tsaya baki buɗe. Ya dubi Kalilu, ya dubi jama'a, ya kai hannun riga ya share ido kamar wani abu ne ya faɗa masa. Ni kuwa na manta da kunya, na ture zana na fito, hawaye har haɓa.

"Baba..."

"Koma ciki, marar kunya!" Amma muryarsa ba faɗa a cikinta. Ya juya ga Kalilu. "Har gobe wagga ba waƙa ba ta. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Ka turo magabatanka Jumma'a."

Kalilu ya zube ƙasa. Ya ɗago ido ya same ni, leɓɓansa suka ce Kadina ba tare da sauti ba.

Baba ya naɗe buzunsa, ya kai bakin zaure, sannan ya waiwayo.

"Kuma ka zo man gobe da sassafe. Akwai wuri biyu can farko da ka ɓata."