Rigar da Wuƙa Ba Ta Huda Ba

Da hantsi, ranar kasuwar Kalgo, mata masu ɗiban ruwa suka tsinci gawar Namadi ɗan kama a bakin gulbi. An soke shi sau uku a ciki, an karya masa muƙamuƙi. Yana sanye da rigar saƙi da hula.

Kafin Atiku, tsohon dogarin hakimi, ya iso, gari ya gama yanke hukunci: Bawa ɗan dambe ne. Samari sun fasa masa baki, sun ɗaure shi a turken jaki. Idan aka kai shi Birnin Kebbi, takobin hauni mai sare kai ne ƙarshensa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wata uku ke nan Namadi yana ɗaura zani, ya cusa ƙoƙuna biyu a ƙirji, ya fito a matar Bawa. Sai ya kwaikwayi yadda gwarzon ya ga ɓera ya haye gado yana kiran inna, har matar ta cece shi da muciya. Mazan Kalgo su ne kan gaba a dariya, kowa na hamdala ba shi aka kama ba.

Atiku ya tsuguna ya ɗaga rigar. Jini ya jiƙa cikinta, amma ko hujin allura babu.

Ya nufi turke. "Bawa, kai kak kashe shi?"

"Na so in yi, baba. Amma da ni na, cikin zanen zan bar shi tsakar kasuwa, kowa shi gani."

Sai ya juya ga Abu, makaɗin marigayin. Mahauta sun shaida tun fitowar rana yake yi musu kalangu.

"Da mi Namadi yaf fita?"

"Da zanenshi. Ya tahi gulbi gwajin sabon wasa."

"Wagga riga hwa?"

"Shekara shida muna tare, ban taɓa ganinta ba."

A gefen gawar, Malam Siddiƙu, wan Namadi, yana korar ƙuda da hannu. Ya ce yanzu ya iso daga Gwandu, yana roƙon a rufe ƙaninsa da wuri.

"Malam, rigar wa ta?"

"Ta mahaifinmu. Bara nib ba shi."

"Buɗe gafakarka."

Siddiƙu ya ƙanƙame ta. Atiku ya fizge gafakar ya zazzage. Zani ya faɗo, jini bai bushe ba, da huji uku.

"Wuƙa ba ta tsallake riga," in ji Atiku. "Cikin zani anka soke shi, sannan anka suturta shi. Maƙiyi ba shi wagga wahala. Sai wanda kunyar ta shahwa."

Siddiƙu ya dubi fuskar ƙaninsa.

"Rigar nik kawo mishi, shi sanya, mu koma gida. Na durƙusa mishi, dogari, ni babba. Sai yat tausa ƙoƙunan, yay yi mini guɗa, yac ce maigida ya dawo."

Aka kwance Bawa, aka ɗaure malam da igiyar. Abin ya yi wa Atiku ciwo, don da hannunsa ya ƙulla ta.

Da azahar aka ɗauki gawar. Bawa ne ya fara sa kafaɗa, leɓe a kumbure, yana kuka wiwi a gaban mata da yara. Ba wanda ya kwaikwaye shi. Mai iyawar yana cikin makara.