Reza a Wuyan Baba

"Don Allah ka bar maganar auren nan," in ji Auta, tana wasa da bakin mayafinta.

Mai aski ya jingina da ƙofar shagonsa. "Haba abar ƙaunata... me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. In na tafi, wa zai kula da Baba?"

Tun da Baba ya bar aikin soja ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa. Likitar da ke duba tsoffin sojoji ta ce ba taurin kai ba ne, tabo ne da aikin ya bar masa a rai, sai an bi shi a hankali. Yayyen Auta maza kuwa iyakarsu waya, "Ya jikin Baba?" kamar gaisuwa na ba da magani. Abinci, magani, har aski, duk sai Auta. Tana son saurayin nan har cikin ranta, amma ta riga ta fara koya wa kanta haƙura da shi.

Washegari sai ga mai askin a gidansu da 'yar jakarsa.

"Kanka ɗaya kuwa?" ta raɗa masa. "Reza a wuyan Baba?"

Bai zaga bayan kujera ba yadda ya saba a shago. Durƙusawa ya yi a gaban tsohon, ya miƙa masa rezar a tafin hannu.

"Baba, ku duba ta. Sai kun ce in fara."

Baba ya jujjuya ta, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar masa.

"Zan taɓa kuncin dama... yanzu haɓa... zan gangara wuya."

Nan take Baba ya damƙe hannun kujera. Mai aski ya janye rezar, ya ajiye ta inda tsohon ke gani, ya jira.

Can Baba ya ɗaga haɓarsa da kansa. "Ci gaba, ɗana."

Da aka gama ya shafa fuskarsa. "Duk mako nake aski. Za ka iya?"

"Har iya rayuwata, Baba."

"To ka turo manyanka. Gadin da 'yata ke yi mini ya isa haka."

Hawaye suka zubo wa Auta. "Baba, ni ban gaji ba..."

"Na sani, uwata," ya ce, yana riƙo hannunta. "Shi ya sa ni zan sallame ki."