Ranar da Aka Cinye Duniyoyin Baba

Wata yarinya ce 'yar aji shida, suna zaune ita da yayanta da mamarsu. Babansu ya rasu shekara biyu ke nan. Ya bar musu wata tsohuwar kwamfuta a kusurwar ɗaki, kusa da keken ɗinkin Mama. Ƙaton kai gare ta, fankarta kuma sai gurnani kamar injin niƙa.

A cikinta akwai wasanni biyu na yaƙin sararin samaniya, duka sun girmi yaran. Sunayensu na da wuyar faɗi, sai yaran suka raɗa musu nasu: Mai Jira da Mai Gudu.

A Mai Jira, kai za ka yi naka motsin, ka danna maɓalli, sannan abokan gaba su yi nasu. Ka nemo sabuwar duniya, ka zuba mutane, ka gina ɗakin bincike, ka ƙulla sulhu da maƙwabta. A Mai Gudu kuwa babu jira. Kana haƙar ƙarfe, kana ƙera kumbo, ana harbinka, duk a lokaci guda.

Kullum sai sun yi faɗa a kai.

"Wasanki na tsofaffi ne," in ji Yaya. "Ka danna ka zauna, kamar mai layin ganin likita."

"Naka fa? Babu tunani, sai dukan linzamin kwamfuta kamar ya yi maka laifi."

"Ni cikin rabin awa na ci yaƙi."

"Baba bai taɓa kallon naka ba."

Gaskiya ta faɗa. Mai Jira Baba yake yi. Shekara uku yana gina daula ɗaya, duniya ashirin da bakwai, kowace ya sa mata sunan wani a dangi. Wasan yana nan ajiye a inda ya tsaya. Mama ba ta iya karanta rubutun allon ba, amma ta san wurin kowace duniya. Dokarta ɗaya ce: a kalla, kada a taɓa.

Wata rana Kawu ya aiko wa Yaya da sabuwar kwamfuta, siririya, irin wadda ake ɗorawa a cinya. Yaya ya zuba mata Mai Gudu. Launukan suka fito a birkice, taurari ruwan hoda, amma wasan ya tashi. Da aka gwada Mai Jira, sai allon ya yi baƙi, ya koma yadda yake.

"Kin gani, nawa ya shigo zamani," in ji Yaya. "Naki tare za su mutu da wancan akwatin."

Yarinyar ta tashi ta bar masa wurin. Zuciyarta ce take tafasa.

Ran Juma'a ta tare malamin kwamfuta a bakin aji, ta faɗa masa.

"Sabuwar kwamfuta ba ta jin yaren tsohon wasa," in ji Malam. "Sai an sa wata 'yar manhaja mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta. Kuma sai an rage mata gudu, don sabbin nan sun fi ƙarfin wasan. Ki zo da shi ran Litinin mu yi tare. Kafin nan kada ki taɓa komai. In ma za a taɓa, kwafi ake yi, ba a ɗauke asali."

"To, Malam."

Da baki kawai ta amsa. Litinin ta yi mata nisa. So take ta rufe wa Yaya baki.

Ran Asabar da safe Mama ta tafi sayen zare, Yaya ya tafi ƙwallo. Yarinyar ta nemo manhajar, ta sa a sabuwar kwamfuta. Ta soka filas, 'yar ma'ajiyar ɗaukar bayanai, a tsohuwar don ta ɗauko wasan. Don sauri, maimakon ta kwafa sai ta yanke. Wasan ya bar tsohuwar kwamfuta gaba ɗaya, har da daular Baba. Ta lura, amma ta ce ai za ta mayar.

Ta zuba shi a sabuwar, wasan ya tashi. Ga duniyoyin Baba reras a sabon allo. Maganar rage gudu kuwa ta manta da ita.

Ta danna maɓalli sau ɗaya, don kawai ta ga yana aiki. Kwamfutar ta ɗauke shi kamar sau ɗari. Shekarun wasan suka riƙa wucewa kamar ana zazzage tsakuwa. Kumbunan abokan gaba suka cika allo. Duniyoyin suka fara komawa ja, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta ɗauke hannu saura biyu. Wasan kuma ya adana kansa a haka, a kan na Baba.

Ta duba tsohuwar kwamfuta. Wayam. Ta kashe ta, ta zauna a ƙasa.

Sai ga Yaya ya shigo da gumi, ya nufi kusurwa. "Bari in yi nawa a tsohuwar, na gaji da taurarin hoda."

Da ta yi shiru, da an yi sati ba wanda ya sani. Ta tashi ta tsaya a gaban kwamfutar.

"Kada ka kunna. Na lalata wasan Baba."

"Kin yi me?"

Tana cikin faɗa masa Mama ta shigo. Ta saurara har ƙarshe, ledar zare na hannunta.

"Shekara biyu ina goge akwatin nan da gefen zanena," in ji Mama. "An ce in sayar, na ƙi. An ce in kai shara, na kori mai faɗa. Ashe ɓarnar a cikin ɗakina take kwana."

"Mama, ki yi haƙuri."

"Me na ce muku?"

"A kalla, kada a taɓa."

"Ashe kin ji. Kai kuma kana min tsaye kamar ba ruwanka. Bakinka ne ya tura ta. Ku ɓace min da gani."

Kwana biyu gidan babu dariya. Keken ɗinki kawai ake ji, shi ma da fushi ake taka shi.

Ran Litinin Mama ta naɗe tsohuwar kwamfutar da zane, ta ɗora wa Yaya a ka, suka tafi makaranta su uku. Malam ya ji bayani, ya girgiza kai.

"Ku bar ta nan, zan duba cikin sati."

"Ba ta taɓa kwana a waje ba," in ji Mama. "A gabana za ka duba."

"Baiwar Allah, ina da aji."

"Ina da kujera. Ka gama, ina nan."

"To, bayan an tashi."

"Lokacin tara dai. Na ji lokacin ne yara suke fita shan iska."

Malam ya dube ta, ya ga ba mai motsawa ba ce. Da aka buga ƙararrawar tara ya dawo, ya kwance akwatin, ya ciro ma'ajiyar da ke cikinsa, ya jona da tasa kwamfutar.

"Tun da abin ya faru, wani ya yi amfani da ita?"

"A'a," in ji Yaya. "Ita ta hana ni. Ta faɗi abin da ta yi."

"To, da sauran rabo. Abin da aka goge ba ya tafiya nan take. Yana nan kwance, sai an rubuta wani abu a kansa. Da kun yi ta wasa a kanta, da ƙila shi ke nan."

Ya daɗe yana dube-dube. Can ya ce, "Ga shi." Ya yi kwafi uku kafin ya buɗe ko ɗaya. Sannan ya nuna wa yarinyar wurin rage gudu, ya sa ta yi da hannunta. Duniyoyin suka fito.

Mama ta matso da fuskarta jikin allon, tana bin su da yatsa, har ta kai ta ƙarshe. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Sun cika," ta ce.

"Malam, wanne ya fi?" Yaya ya tambaya. "Nata ko nawa?"

"Naka yana koyar da saurin hannu, nata yana koyar da haƙuri. Abin mamaki, mai wasan haƙurin ce ta kasa jiran Litinin."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Mama ta dafa ta.

"Wata guda ke za ki tsince min zare a ɗaki. Shi kuma shara. Amma ki ji, kin yi ɓarna da fushi, kin gyara da gaskiya."

Daga ranar yarinyar ta riƙe abu uku. Ba a yin aiki cikin fushi. Ba a taɓa abu mai daraja sai an yi kwafinsa. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.

A hanyar gida ita ta karɓi akwatin ta ɗauka. Yaya bai tsokane ta ba har suka isa ƙofa.