Jar Fatar Akwatin Hoto

Rana ta kusa faɗawa teku lokacin da Idirisu baduku ya sa wuƙa a gefen akwatin. Tsohon akwatin ɗaukar hoto ne na katako, wani Bature mai shago a saman gari ya aiko masa. Danshin Bahiya, wannan gari na ƙetaren teku, ya cinye fatar da aka lulluɓe shi da ita, ta yi baƙi, ta tsattsage. Aikin ba wuya: a ɓare tsohuwar, a kankare gam, a sa sabuwa. Shekara arba'in da wani abu ke nan da sauke Idirisu daga jirgin bayi, goma sha biyu da fansar kansa, kuma bai taɓa mayar da aiki ba.

Ya jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, ya ɗora, ya jira gam ya saki. Da ya ɗaga kusurwar farko sai ya ga cikin fatar ja ne. Ya kai ta hanci, ya ji warin bagaruwa. Fatar akuya ce, jimar gida, irin wadda fatake ke ƙetare hamada da ita. Ya daɗe riƙe da ita, sannan ya ci gaba da ɓarewa.

Ɓallin ƙarshe na fita, dutse ya faɗo kan rufi. Wani dutsen ya biyo. Matarsa Uwani ta leƙa lungu, ba kowa, ko kare.

A nan 'yarsu Altine ta dawo daga sayar da ƙosai a bakin ruwan Água de Meninos. Ta ajiye faranti, ta zauna ta fuskanci bango. A Bahiya aka haife ta, yaren Fotugis da Yarbanci ta iya, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Amma da ta buɗe baki, muryar tsoho ce ta fito, da Hausar Gobir tsantsa.

"Wa ya yaye mini rufi?"

Tun daga ranar, kowace magariba sai jifa, sai muryar. Altine ta daina ci, ta daina fita, wuyanta ya zama kamar kara. Idirisu ya san aljani ne, ya kuma san abin da ya kamata ya yi, amma bai yi ba. Sai ya ja tabarma kusa da ita, ya sunkuyar da kai, yana sauraron muryar tana kiran sunayen garuruwa da rijiyoyi. Rabon da ya ji harshen uwarsa haka tun yana saurayi.

Rana ta takwas Uwani ta tsaya a kansa.

"Maigida, na ga kana jin daɗin hirar. Ni 'yata nake gani tana ƙarewa."

Da safe ya ɗauki sanda ya nufi unguwar Itapagipe neman malami.

Malam Isma'ila, wanda ya rage cikin masu karatu a garin, ya fi Idirisu tsufa. Sau uku suka huta a hanyar dawowa, ba su iso ba sai bayan la'asar. Malam ya yi alwala, ya sa turare a garwashi, ya zauna gaban Altine yana karatu a hankali, numfashinsa na yankewa. Duwatsu suka yi ta sauka, sannan suka tsaya.

"Ya isa haka, Malam," in ji muryar. "Ka gaji, na gaji."

"Wane ne kai, me kake nema wurin yarinya?"

"A ramin jima nake zaune, bayan gari, ban taɓa cutar kowa ba. Barci ya kwashe ni cikin fata, na farka a bayan raƙumi. Daga raƙumi sai jirgi, daga jirgi sai ƙasar sanyi, aka manna ni jikin wannan akwati. Shekara ashirin ina kallon fuskokin da ban sani ba. Yanzu shi ma an raba ni da shi."

"Wannan bai ba ka jikin 'yar mutane ba. Fita."

"In je ina? Ku mai da ni gida. Shi baduku ya ɗauke ni, ai hanyarmu ɗaya."

Uwani ta dubi mijinta. Idirisu ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura daga tafiyar yini guda.

"Ba zan kai ba," ya ce.

Malam Isma'ila ya ce akwai jirgi mai zuwa Ikko ranar Laraba, cikinsa da wani ɗan'uwa Musulmi mai komawa. Za a ɗinke ɓallayen fatar cikin jaka a ba shi. Daga Ikko kuwa, sai dai aljanin ya bi fataken goro ya nemi hanyarsa.

"Da nisa," in ji muryar.

"Da nisa. Abin da muke iyawa ke nan. Ka rantse ba za ka dawo mata ba," in ji Malam.

Aljanin ya rantse. Idirisu ya tattara ɓallayen har da ƙananan da suka faɗa ƙasa, ya yanka jaka, ya ɗauki basilla ya fara ɗinki da sauran hasken yamma. Saura ɗinki uku muryar ta sake magana, can ƙasa.

"Baduku, akwai saƙo?"

Basillar ta tsaya a hannunsa. Ya lalubi sunan wanda zai yiwu yana raye. Ya tuna uwarsa, ya tuna yayyensa biyu, ya tuna maƙerin ƙofar gidansu. Ya ƙirga shekaru, bai sami kowa ba.

"Ka gai da duk wanda ka tarar."

Ya ja zaren ya ƙulle. Altine ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta, barci ya ɗauke ta. Malam Isma'ila ya miƙa hannu a ba shi jakar, amma Idirisu ya ce a bar masa ita zuwa Laraba, shi zai kai ta bakin jirgi da kansa.