Jaridar da Aka Sace Kafin a Karanta

Da safe aka kai ƙara cewa an fasa ofishin jaridar ɗalibai. Sufeto ya iske ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin bene, tebur ɗaya da fanka mai kuka. Gilashin taga ya fashe. Kwamfuta tana nan, kyamara tana nan. Abin da babu shi ne jaridar wannan wata, wadda aka kawo jiya daga maɗaba'a, ƙunshi-ƙunshi.

"Wa zai saci jarida?" in ji Sufeto.

Edita, wata siririyar ɗaliba, ta yi murmushin yaƙe. "Ranka ya daɗe, ko kyauta muka bayar sai mun haɗa da roƙo. Masu shago ne kaɗai ke sonta, don naɗe kaya."

"Me ke cikinta?"

"Ta'aziyyar Dogo, editanmu na da. Mota ta kaɗe shi watan jiya. Sauran labaran makaranta ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan." Ta sunkuyar da kai.

Sufeto ya leƙa ta taga. Fasassun gilasan duk a waje suka zube. Daga ciki aka fasa ke nan, kuma kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Ma'aji, da Auta mai raba jarida. Ƙanwar marigayin ce."

Sufeto ya sami Ma'aji a bakin aji, yana ta share zufa.

"Editarku ta ce ba komai a jaridar sai ta'aziyya."

"Ba ta gaya maka shafin baya ba?" Ya sassauta murya. "Tun da aka kafa jaridar, duk ƙarshen zango muna buga abin da ya shigo da abin da ya fita. In ba mu buga ba, makaranta ta janye tallafi, mu rufe. Wannan karon kuɗin talla bai shigo ba. Dogo ne ya karɓo daga masu shaguna, kuma bai kawo ba."

"Kuka rubuta sunansa?"

"Na ce a bari, mutumin ko arba'in bai yi ba. Edita ta ce shi ya koya mata cewa shafin baya ba ya jin kunyar kowa. Tana kuka tana bugawa."

"Wa ka gaya wa?"

"Ko inuwata ban gaya wa ba."

Sufeto ya koma ofishin, ya zauna. A bango akwai ƙusoshi a jere, kowace da tsohuwar jarida a rataye, wasu har sun yi ja. Ya bi su da ido har ta ƙarshe. Hoton wani dogon saurayi ne, yana dariya. Ya miƙe ya taɓa, tawada ta ɓata masa yatsa. Sabuwar ce, amma shafin gaba kaɗai, an yage na baya.

"Wa ya rataye wannan?"

Edita ta zaro ido. "Jiya da na kulle ba ta nan."

"A al'adarku wa ke ratayewa?"

Ta kalli ƙusar. "Mai rabawa. Ita ke kwance ƙunshin farko, ta rataye ɗaya, sannan ta fita da sauran."

Gidansu Auta ɗaki biyu ne. Mahaifiyarsu tana kwance a ciki, rediyo a kusa da kanta. Auta ta fito tsakar gida, ta gaida Sufeto a ladabce.

"Jiya kin je ofis?"

"Ban je ba, Yallaɓai. Ina wajen Mama."

"Ɓarawo ya fasa taga, ya kwashe jarida, sannan ya tsaya ya rataye hoton yayanki a inda ya dace. Ɓarawon nan ya san aiki."

Ta zauna a kan bokiti. Ba ta yi kuka ba.

"Na fita da su har na kai ƙofa," in ji ta. "Sai na ga ƙusar ba komai. Kowa yana bangon nan sai shi? Na kasa."

"Wa ya gaya miki abin da ke baya?"

"Ma'aji. Ya ce gara in ji daga bakinsa."

"Ina jaridun?"

"Ƙarƙashin gadona. Na so in ƙona, amma fuskarsa ce a kan kowace."

"Kin san inda ya kai kuɗin?"

"Ban sani ba. Na duba aljihunansa, na tambayi abokansa. Wataƙila ya ci, wataƙila niyyarsa ya kai ran Litinin. Da yana nan da na shaƙe shi har ya faɗa." Ta kalli ƙofar ɗakin. "Mama ba ta karatu, Yallaɓai, amma maƙwabta suna yi."

Sufeto ya cire hularsa, ya sake sawa. "Dole a mayar da su. Ke ma dole mu tafi."

"Za su raba?"

"Za su raba."

Ta ɗaga kai, ta shiga, ta jawo ƙunshin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta bari kowa ya taya ta ba, ita ta kai su mota.

Daga ciki mahaifiyar ta ɗaga murya. "Auta, ina za ki da ranar nan?"

"Jaridar Yaya zan kai, Mama."

"To, ki ajiye min ɗaya."