Koren Katin Mama

"Sai yaushe, Auta?"

A cikin gidan tarihi Malam ya yi mata tambayar, gaban wani akwatin gilashi da aka jera tsofaffin tukwane da fasassun fitilu. Sauran 'yan tawagar sun yi gaba, suna bin jagora da 'yar jar tutarsa. Ƙungiyar ma'aikatan makarantarsu ce ta shirya tafiyar, kwana shida a ƙasar waje, kowa da iyalinsa. Yau kwana na huɗu.

Auta ba ta ɗago ba. Hannayenta biyu na kan keken marasa lafiya da Mama ke ciki, ita kuwa Mama ta karkatar da kai gefe, idonta a rufe.

"Malam, don Allah ba a nan ba..."

"To a ina? A makaranta kin ce idon ɗalibai. A gida kin ce Mama za ta ji. Na biyo ki har wata ƙasa, nan ma ba a nan ba."

"Ba ni ka biyo ba, tukwane ka zo gani."

Bai yi dariya ba. Malamin lissafi ne, mai sanyin magana, shekara biyar ke nan yana jiranta. An yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, farkon zangon karatu zai tattara. Gidan da aka ba shi a hawa na uku yake, babu lif.

"Na gaji, rabin raina," ya ce a hankali. "Ba da ke na gaji ba. Da kalmar nan taki ta sai Mama ta ji sauƙi. Ni da ke mun san abin da likita ya faɗa."

"To wa zan bar wa ita?"

"Kina da Yaya."

"Yaya na da ciwon baya."

"Na sani. Ni da ke muka tallabi keken nan a matakala ɗazu, tana tsaye tana ɗaukar mu hoto."

 Ya gyara zaman tabaraunsa.

"Jibi za mu hau jirgi. Idan muka hau ba ki ce komai ba, na ji amsarki. Ba zan yi fushi ba... amma ba zan sake tambaya ba."

Ya bi bayan tawagar. Ita kuma ta tura keke.

Shekara shida da suka wuce Mama ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tun daga ranar Auta ce wanka, ita ce magani, ita ce juyi. Ta koyar da safe, ta yi jinya da yamma. Yaya na aure a gari ɗaya da su, takan leƙo ƙarshen mako da ledar lemo, ta zauna awa guda ta ce bayanta ya riƙe. Mutane sai yabon Auta suke, ana cewa 'yar albarka. Yabo kuwa ba ya ɗaga maras lafiya daga gado. Masu yinsa sun fi kowa saurin neman takalmansu.

Likita ne ya ce a fita da Mama ta ga duniya, shi ya sa Auta ta rubuta sunanta a tafiyar. Da Yaya ta ji, sai ta ce ai ita ma dole ta zo ta taimaka, ta taho da 'yan matanta biyu. Kwana huɗu an zaga tsohuwar fada, an shiga kasuwar masu sassaƙa, an hau ganuwa, Yaya ba ta taɓa hannun keken nan ba ko da kuskure.

Washegari motar tawaga ta sauke su a filin wasanni.

Wuri ne makeke, ga kiɗa, ga ihun mutane daga sama, ga rana. Kowane abin hawa da layinsa, wani layin ya naɗe sau huɗu. 'Yan matan Yaya suka duba wani allo suka ɓata rai.

"Umma, wai awa ɗaya da rabi kafin a hau jirgin nan mai gangara."

Jagora ya dawo daga ofishin shiga da wani koren kati mai igiya, ya rataya wa Mama a wuya.

"Wannan na Mama ne," ya ce. "Mai keke ba ya bin layi a nan. Akwai ƙaramar ƙofa a gefe, ku nuna katin, za a shigar da ita da 'yan rakiyarta."

Yaya ta juyo. "Da 'yan rakiya ka ce?"

"Har mutum uku."

Nan take ciwon bayan shekara shida ya warke.

"Auta, kawo in karɓe ki. Dubi yadda kika rame, kamar ba ƙanwata ba. Riƙe mana jakunkunan nan ki huta."

Kafin Auta ta buɗe baki an zare keken daga hannunta, an rataya mata jaka huɗu da laima.

Haka aka wuni. Yaya ta tura Mama zuwa ƙaramar ƙofa, a nuna kati, a ajiye Mama a inuwar bakin ƙofar, Yaya da 'ya'yanta su hau su sauko suna haki suna dariya, a sake turawa zuwa wata ƙofar. Jirgi mai gangara, kwale-kwale mai fesa ruwa, motocin karo. Keken da ake gudu ya zama abin rububi, har 'yan matan na faɗa a kan wanda zai tura.

Wanda ya ga Auta zai ce yau ta samu hutu. Ba ta samu ba. Tana biye da su da jakunkuna, bakinta bai rufu ba.

"Yaya, ba haka ake taka birkin ba."

"Yaya, ƙafarta ta hagu ta zame."

"Yaya, da baya ake saukowa gangara... kawo, kawo kawai in yi."

"Ke dai kin cika iyayi," in ji Yaya. "Keke ne ko jirgin sama?"

Malam na can gefe a kan benci, ya sayo ruwa mai sanyi ya miƙa wa Auta, ya karɓi jaka biyu ba tare da ya ce uffan ba. Ta so ya yi magana, ko da faɗa ne. Bai yi ba.  Tana son mutumin nan, so irin wanda ya daɗe har ya daina hayaniya, kuma gobe war haka zai zama wani da ta taɓa sani.

Da la'asar suka iso babban lilo, wanda yake juyawa a tsaye kamar ƙafar keke, da ƙananan ɗakunan gilashi a jikinsa. Yaya ta nuna kati kamar yadda ta saba, ta fara tura Mama inuwa. Sai ma'aikaciyar wurin ta ɗaga hannu ta yi magana da harshensu. Jagora ya fassara.

"Ta ce a nan sai mai katin ta hau da kanta. Ɗakin na ɗaukar keke da mutum biyu."

"To shi ke nan," Yaya ta ce. "Ni da babbar 'yata mu hau da ita, in an sauko sai..."

"A'a."

Mama ce. Tun da ciwon ya same ta maganarta ta yi nauyi, ba ta cika yi ba. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna Auta, sannan ta nuna Malam.

"Mama, ni na wuni ina tura ki fa."

"Na gani," in ji Mama. "Da idona."

Aka shigar da keken, aka rufe ƙofa. Lilon ya fara tashi a hankali. Kiɗan ya yi ƙasa, mutane suka ƙanƙance, aka hango rufin tsohuwar fadar da suka zaga shekaranjiya, da kogi a bayanta. Auta ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta durƙusa tana gyara wa Mama ƙafa.

"Tashi ki zauna."

"Mama, ƙafar ce..."

"Ƙafata ce. Zauna."

Ta zauna kusa da Malam, ta bar tazara.

Mama ta daɗe tana haɗa maganar a bakinta. "Jiya... wurin tukwanen nan. Ba barci nake ba."

Malam ya sunkuyar da kai. 

"Ɗana, shekara nawa?"

"Biyar, Mama."

"Kai malamin lissafi ne. Yau awa nawa yayarta ta tura ni?"

Ya duba agogo. "Shida, da 'yan mintuna."

"Bayan nata ya karye?"

"Bai karye ba, Mama."

"To."

Auta ta ce, "Mama, don katin nan ta yi, kin sani. Ba don ke ba."

"Na sani. Ni na haife ta." Mama ta numfasa. "Ke ma ni na haife ki. Ita malalaciya ce... ke kuma ba kya saki. Shekarar farko ta zo yi min wanka, kika karɓe soso, kika ce ba ta iya ba. Ta zo ba ni magani, kika ce za ta haɗa ba daidai ba. Ta samu abin da take so. Ke ma kin samu."

"Ni me na samu, Mama?"

"'Yar albarka. Kowa na faɗa."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ba wanda ya taɓa gaya mata haka, domin mai hidima ba a cika faɗa masa gaskiya ba, ana tsoron kada ya ajiye. Hawaye suka zubo mata.

"Wallahi ba don a yabe ni ba... tsoro nake ji. In na bar ki wani abu ya same ki fa?"

"Zai same ni. Kina nan ko ba kya nan." Mama ta kalli hannun Auta, inda riƙon keke ya yi mata kanta. "Kullum in na farka in gan ki, sai in ji kamar ni na zauna a kan rayuwarki. Wannan ya fi min ciwon nauyi. Na gaji, Autata. Ki sauke min."

Lilon ya tsaya cak a can ƙololuwa, ɗakin na ɗan rangaji.  Malam ya ciro hankici ya ajiye a kan bencin, tsakaninsa da ita, bai miƙa mata ba.

"Maganinki kala bakwai ne," Auta ta ce cikin kuka. "Biyu kafin abinci, ɗaya ba a haɗa shi da madara. Wa zai riƙe wannan?"

"A rubuta. Ai ta yi makaranta."

Malam ya yi gyaran murya. "Mama, ba raba ku na zo yi ba. Duk hutu za mu zo. Zan nemi gidan ƙasa, in na samu..."

"In ka samu ka gaya min. Kafin nan kar ka jira. Jiran ya isa haka."

Da suka sauko, Yaya na tsaye ta harɗe hannu, fuska a murtuke. Auta ta kai hannu za ta kama keken, Mama ta buge hannun.

"Babba, zo ki tura."

"Ina za mu? An ce saura jirgin ruwan can."

"Mota."

"To, har mota dai."

"Har gida. Gidanki. Ɗakin baƙin nan na ƙasa, a share min shi."

Yaya ta buɗe baki, hannunta ya tafi bayanta da kansa.

"Sauke hannun," in ji Mama. "Malam ya ƙirga. Awa shida."

Wasu daga cikin malaman da ke kusa suka kau da kai, kafaɗunsu na rawa. Yaya ta kalli Auta, tana jiran ta ce kawo in yi, kamar kullum. Auta ta cije leɓe. Ba ta ce ba.

Mama ta cire koren katin daga wuyanta ta miƙa wa jagora. "Mayar musu. Ya gama aikinsa."

Hanyar fita na da 'yar gangara. Yaya ta nufe ta kai tsaye, ta gaba, keken ya yi tsalle a bakin dakali, kan Mama ya girgiza. Jikin Auta ya zabura, ta yi taku biyu. Mama ba ta waiwayo ba, hannu kawai ta ɗaga. Auta ta tsaya.

Yaya ma ta tsaya. Ta yi jim, ta ja tsaki, sannan ta juya keken ta fara saukowa da baya, a hankali, tana leƙen ƙafar hagu. Ashe duk wunin nan tana ji.

Auta ta dubi hannayenta. Babu keke, babu jaka, ba ta san inda za ta sa su ba. Gajiyar shekara shida ta sauko mata lokaci guda, har sai da ta zauna a bakin dakalin. Ta yi kuka mai isarta, mutane na wucewa da balan-balan.

Malam ya tsaya a gefenta ya tare mata rana. Sai da ta lafa ya ce, "Na yi alkawarin ba zan sake tambaya ba."

Ta share ido da hankicinsa, wanda bai ga lokacin da ta ɗauka ba.

"Kana da biro?"

Ya laluba aljihu ya ciro, da takardar jadawalin tafiyar. Ta juya bayanta ta ɗora a gwiwa.

"Zauna, abin ƙaunata. Rubutunka ya fi nawa fita, kuma Yaya ba ta gani sosai." Ta miƙa masa. "Sa lamba ɗaya. Farar ƙwaya, da safe, kafin abinci..."

Ya zauna ya fara rubutawa.