Baƙin Man Da Ba A Biya Ba

Masu cewa talauci ne ya kai shi, don Allah ku rufe mini baki. Bakaniken nan da ake kira Sifana yana ci yana sha, yana riƙe matarsa da 'ya'yansa biyu. Hassada ce tsagwaronta. An buɗe sabon gareji a tsallaken titi, shi kuwa ya wuni kan tsohuwar taya yana hararar motocin da ke shiga, zuciyarsa na tafarfasa. Ran da wani mai mota da ya daɗe yana yi wa gyara ya wuce shi ko hannu bai ɗaga ba, sai ya yi jifa da tsumma ya nufi wurin boka.

Bokan yana bayan juji, cikin wata matacciyar bas marar taya. Rana tsaka, amma ciki duhu ƙirin, an toshe tagogi da jan ƙyalle. A gurbin injin akwai baƙar tukunya, bakinta ya yi kauri da busasshen jini da gashin kaza, tana numfashi kamar mai barci.

"Layi nake so," in ji Sifana, "har motoci su tare titi."

"Za su zo. Duk wadda ka juye wa mai, ka zuba baƙin man a tukunyar nan. Ba da jimawa ba wuta za ta rikice mata, ba mai ganowa sai kai."

"Me zan biya?"

"Kai? Ko sisi. Mai mota ke biya. Amma buɗe kunnenka: akwai aljanu a tukunyar nan. Wadda aka biya, baƙin mai za su sha. Wadda ba a biya ba, ja za su sha."

Sifana ya ƙyalƙyale da dariya. "Ni da na zo neman kuɗi, uban wa zan yi wa kyauta?"

Ya ɗauko tukunyar ya binne ta a ramin garejinsa. Sai ga abu ya kama. Sabon batir ya kwana ya mutu, fitila ta kunna kanta, fis na ƙonewa ba dalili. Masu gyaran wuta su kwance mota kaf su rasa komai, a jawo ta wurin Sifana ya taɓa waya ɗaya ta tashi. Ya gina gida, ya sayi mota dal, ya daina amsa gaisuwa.

Rannan yayansa, direban tasi, ya kawo motarsa juyen mai. Sifana ya matsa kusa ya ce a hankali, "Yaya, ko ɗan wani abu ka bayar."

"Ni?" Yayan ya daka masa tsawa a gaban mutane. "Ni da na koya maka kwance fulogi? Kai, duniya!"

Kunya ta kama shi, ya yi aikin, yana ce wa ransa barazanar boka ce kawai. Washegari wayoyin tasin suka kama da wuta, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, yayan na ciki. Da ya leƙa tukunyar, saman man ja ne.

Kuna zaton ya fasa ta? Ina! La'ananne ya share hawaye ya kafa doka: ba kyauta, ko uwarsa ce. Dangi suka tsine masa, ko a jikinsa.

Sai lokacin juyen man sabuwar motarsa ya yi, matarsa kuma za ta kai yara gaida kakarsu. Ya shiga rami yana fito, ya sauya filta, ya juye baƙin man inda hannunsa ya saba. Ƙaramar 'yarsa ta ɗaga masa hannu ta taga. Sun sha kwana ke nan ya ji ham ɗin motar ya kama kuka ba tsayawa, sannan tambayar ta faɗo masa: wa ke biyan bakanike in ya gyara motar kansa?

Ya dira ramin yana cusa kuɗi cikin tukunyar. "Na biya! Ga shi, na biya!" Man da ya jiƙa masa hannu yana da ɗumi, kuma ba baƙi ba ne.

Da motar ta kama da wuta, matar kaɗai aka iya jawowa. Yanzu tana tsakiyar titi ba ɗankwali, tana tare motoci tana leƙa kujerar baya. Shi kuma yana kwance a ramin garejin da ba mai zuwa, yana kwance noti a iska.

To, mai kwaɗayi, ka ji. In boka ya ce maka ba ka biyan komai, juya ka dubi waɗanda ke gidanka, su yake nufi.